Na ba yara aikin gida su tambayo asalinsu, wani uba ya kai ƙarata wurin shugaban makaranta

Malamar Tarihi:
Assalamu alaikum iyaye da malamai na wannan zaure. Wata damuwa ce ta hana ni sukuni kwana biyun nan, na ce bari in kawo ta gabanku.

Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a cikin birnin Kano. Da aka dawo da darasin tarihi sai aka ɗora mini aji ɗaya da aji biyu, ko da yake Soshiyal na karanta a kwalejin ilimi. Zangon da ya wuce mun yi Bayajida da rijiyar Kusugu, mun yi Barbushe da Dala, Bagauda, Gijimasu da ya fara ganuwa, Yaji da zuwan Wangarawa, har zuwa Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Yara sun haddace tsaf, sun kuma ci jarrabawa. Sai ran nan na ce, wa zai gaya mini dalilin da ya sa ake kiran unguwarsu da sunan da ake kiranta? Yara sun fi 80 a ajin, amma tsit kake ji. Ga 'yan Tudun Nufawa, ga 'yan Ayagi, ga 'yan Zangon Barebari da Soron Ɗinki. Wata yarinya 'yar Dandalin Turawa ta ce ai Turawan Ingila ne suka zauna a wurin. Ba ta taɓa jin cewa Larabawan da ke zuwa fatauci daga Tarabulus ake kira Turawa ba tun kafin zuwan Nasara.

Abin ya taɓa ni. Sai na ba su aikin gida: kowa ya je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidansu ya tambayo abu uku. Daga ina kakanninmu suka zo, wace sana'a suka gada, kuma wane babban abu ne ya faru a idonka da ba za ka manta ba.

Wallahi ban taɓa jin daɗin aji kamar ranar da suka kawo ba. Wani kakan kakansa da jakuna yake zuwa Gwanja sayen goro. Wata kakarta ta ba ta labarin farin 1973, yadda Buzaye da Fulani suka cika bakin gari bayan dabbobinsu sun ƙare. Wani ya zo da tsohuwar takardar haraji ta kakansa a cikin leda. To sai wani yaro mai ƙoƙari ya tashi ya karanta abin da wata tsohuwa a gidansu ta gaya masa, cewa kakan kakansu kamo shi aka yi a yaƙi, aka ajiye shi a rinjin wani basarake yana noma. Yaron da zuciya ɗaya ya karanta. Kafin a tashi tara, yara sun laƙaba masa "ɗan bayi". Kwana uku bai zo makaranta ba. Rana ta huɗu mahaifinsa ya zo ofis ransa a ɓace, ya ce karatu ya kawo ɗansa, bai kawo shi a tona masa asiri ba. Shugaban makaranta ya ba shi haƙuri, ni kuma ya ce in tsaya a kan abin da ke cikin manhaja.

Don Allah ku gaya mini gaskiya, laifi na yi?

Baban 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Malama, tunda gaskiya kika nema, ni dai ina bayan mahaifin yaron nan. Niyyarki mai kyau ce, ba na shakka. Amma ke kin san garin da muke ciki. Yau in mutum ya je neman aure, kafin a tambayi sallarsa an tura a binciko asalinsa. Yaran nan 80 kowannensu gida zai koma ya ba da labari. Nan da shekara 15 yaron nan zai je neman 'yar wani, sai wata gwaggo ta ce ai na san gidansu. Abin da iyalin nan suka yi shekara da shekaru suna rufewa, kin buɗe shi a minti biyar. Tone-tone ne ke sa kaza ta tono wuƙar yanka ta. A koya wa yara sarakuna da shekaru, su ci jarrabawa, a bar wa kowane gida sirrinsa.

Hajiya Mai Atamfa:
Maganar auren nan gaskiya ce, a gidanmu aka yi. 'Yar yayata ta samu yaro natsattse, mai digiri, mai sana'arsa, har an kawo kuɗin gaisuwa. Sai aka gano kakansa mahauci ne, shi ke nan dattawa suka ce a mayar da kaya. Yarinyar nan ta yi shekara biyu ba ta dawo daidai ba. Amma ni abin da na ɗauka daga ciki daban ne da naka, Baban 'Yan Biyu. Da an koya wa dattawan nan tun suna yara cewa babu garin da ya zauna ba mahauci, ba maƙeri, ba wanzami, ba majemi, wataƙila da ba su yi abin da suka yi ba. Rufewar da muke yi ita ce ke raya abin.

Baba Mai Ritaya:
Malama, Allah ya yi miki albarka. Na yi shekara 35 da alli a hannu, na yi hedimasta a ƙauye da birni, ki bar ni in ɗan yi tsawo.

Mu a zamaninmu an koya mana tarihi tun daga firamare, amma wane iri? An ce mana Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, ya mutu a Busa a 1806, sannan 'yan'uwa biyu, su Lander, suka bi shi har teku a 1830. Muna rubutawa muna cin maki, alhali a ajinmu akwai ɗan Sarkawa wanda kakanninsa a cikin kogin nan aka haife su. Ba wanda ya taɓa ce masa tashi ka ba mu labarin kogi. Da aka zo da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 yara suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, aka narkar da tarihi cikin Soshiyal. Daga baya kuma, wajen 2009 zuwa 2010, aka fitar da shi gaba ɗaya daga firamare da ƙaramar sakandare, wai ɗalibai ba sa sonsa, babu malamai, kuma ba ya ba da aiki. Sai a ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, aka ce za a horar da malamai 3,700. Ki raba wannan adadi a jihohi 36 da Abuja, ki ga nawa Kano za ta samu, sannan ki ƙirga makarantun Kano. Shi ya sa aka ɗora miki, kuma kina ƙoƙari.

Aikin da kika bayar shi ne tarihi na gaskiya. Kuskurenki biyu ne. Na farko, da kin karɓi takardun kin karanta ke kaɗai tukuna, ki zaɓi wanda za a karanta a aji, ki kuma nemi izinin mai shi. Na biyu, kuma shi ne babba, kin tura yara su ɗebo ruwa ba ki ba su abin zubawa ba. Ba su san mece ce bauta a ƙasar nan ba, zagi kawai suka sani.

Da sun san cewa a ƙarni na 19 yaƙi ba ya tambayar asali, da ba su yi dariya ba. Ningawa sun kama mutanen kudancin Kano. A Basasar Kano ta Tukur da Yusufawa, 1893 zuwa 1895, an kama 'ya'yan manyan gidaje an sayar. Rabe da ya ci Kukawa a 1893 bai bar ɗan sarki ba bai bar malami ba. Wanda ya kwana ɗa yana iya wayar gari bawa. Da sun san akwai murgu, inda bawa ke biyan ubangidansa wani abu ya je ya yi sana'arsa har ya fanshi kansa. Da sun san Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a fadar Kano sarautun bayin sarki ne, kuma hakimai da kansu sai sun bi ta hannunsu kafin su ga sarki. Da sun san sarakuna nawa ne a ƙasar Hausa ƙwarƙwarori suka haifa. Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Jiya-jiya ke nan. In aka bi salsala da gaskiya, gidaje ƙalilan ne a birnin nan ba za a samu wanda aka kama ko wanda ya kama a cikinsu ba. Yaron nan bai fi kowa abin kunya ba, tsohuwar gidansu ce kawai ta fi sauran tsofaffi faɗin gaskiya.

Ɗalibin Jami'a:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina cikin waɗanda kuke magana a kansu, na gama firamare da sakandare ban taɓa zama ajin tarihi ko sau ɗaya ba. A babbar sakandare ma darasin Gwamnati muka ɗauka, don kowa ya ce ya fi sauƙin ci a WAEC. Abin da na sani game da 1966 a Facebook na koye shi, wajen zage-zage. Na san an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa ranar 15 ga Janairu, wannan kowane yaron Arewa ya sani. Amma sai da na shiga jami'a, muna ɗaki ɗaya da wani ɗan ƙabilar Ibo, na ji abin da ya faru da mutanensu a garuruwan Arewa a watan Mayu da Satumba na shekarar. Kakarsa a Sabon Garin Kano ta zauna, da jirgin ƙasa ta gudu da goyo. Na ce masa ƙarya ne. Shi kuma bai san an kashe Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad a daren juyin mulkin ba, abin da aka gaya masa a gida ya fara ne daga Mayu. Mun kusa dambe a daren nan. Kowannenmu rabin labari aka ba shi, kuma rabin da ke sa mutum ya tsani ɗan'uwansa.

Don haka Baban 'Yan Biyu, da girmamawa, in makaranta ta yi shiru ba shirun ake samu ba. Wani ne zai koyar, a waya, ba tare da tsoron Allah ba.

Baban 'Yan Biyu:
Ɗana, na ji ka. Amma yaƙin basasa abu ne na ƙasa, yana cikin littattafai, ba sunan kakan kowa a ciki. Wannan kuwa yaro ɗaya ne aka nuna da yatsa a gaban 'yan ajinsu. Kada a haɗa.

Bakabe:
Ni abin da ke ci mini rai tun ina yaro shi ne "Banza Bakwai". Malam ya rubuta a allo, Hausa Bakwai ga su, Banza Bakwai ga su, kuma Kabi tana cikin na biyun tare da Zamfara da Yawuri da Nupe da Gwari da sauransu. Muna Argungu muna haddace cewa mu banza ne, muna rubutawa a jarrabawa a ba mu maki. Ba wanda ya tsaya ya ce muna wannan tatsuniyar asali ce da wasu masarautu suka riƙe don bayyana zumuncinsu, ba hukunci ba ne a kan darajar kowa. Kanta da ya fitar da Kabi daga hannun Askiya na Songhai a ƙarni na 16 ya gina Surame, ganuwarta ta dutse tana nan har yau, amma yara nawa aka taɓa kaiwa su gani? Ko bikin kamun kifi da duniya ke zuwa kallo, yaranmu sun ɗauka wasa ne kawai. Ba su san ya samo tushe daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934 ba, bayan kusan shekara 100 ana gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Ga darasin sulhu a bakin ruwan Matan Fada, kowace shekara da aka yi bikin yana gabansu, ba a koyar da shi.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Nan wajenmu Nijar a lakkwal, wato makarantar boko, mun sha juyin juya halin Faransa na 1789 har mun gaji. An kuma koya muna Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya ma sojan Faransa na Bule da Shanuwan a 1899, da ɓarnar da suka yi a Birnin Ƙonni, da Kawusan da ya yi ma Faransawa tawaye a Agadas. Wannan ya yi kyau. Amma abin da ya fi kusa da mu, a bakin tsofaffi da makaɗan fada muka ji shi.

Ku duba wani abu. Ku a littafinku, an ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, an ci Katsina, sarakunan Haɓe sun gudu, labarinsu ya ƙare a nan. To ina suka tafi? Wurinmu suka zo. Ɗan Ƙasawa ya zauna Maraɗi, har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce mishi. Gobirawa suka kafa Tsibiri, ga ta nan kusa da mu. Wanda kuke kira wanda aka kora, mu shi ne wanda ya kafa gari. Haka na Zazzau suka yi kudu, Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda ta koma Suleja da aka ba babban birninku sunan. Yaron Katsina da yaron Maraɗi kakansu guda, kasuwarsu guda, ana aure tsakani ta Jibiya da Ɗan Isa kullum, amma kowane an ba shi labari ta gefe guda.

Kuma tambayar Malama ta uku ita ce ta fi burge ni. Tsofaffinmu da yunwa suke lissafin shekaru. Kakata ba ta san 1914 ba amma ta san Kakalaba, yunwar wannan shekarar, daga bakin uwarta. Ta san shekarar da ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi aka hau tudu, 1945 ke nan. Yunwar 1984 kuwa El Buhari ake ce mata nan, saboda ta zo daidai da rufe iyaka. In yaro ya san wannan, in aka sake rufe iyaka kamar yadda aka yi a 2019 da 2023, zai gane abin da ke sa hankalin uwayensa ya tashi.

Almajirin Zaure:
Ɗan'uwa na Maraɗi, a yi hattara. Jihadin Shehu Usmanu ba yaƙin neman sarauta ba ne da za a ce kowa da nasa gefen. Malamai ne suka tashi a kan zalunci, da harajin da shari'a ba ta sani ba, da sayar da Musulmi, da garwaya addini da tsafi. Sarkin Gobir Yunfa ne ya fara kai hari, Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Ina tsoron ranar da malamin da bai yi karatu ba zai tsaya gaban yara ya mayar da abin faɗan Hausa da Fulani, kamar yadda wasu ke yi yanzu a intanet.

Ɗan Maraɗi:
Allah gafarta Malam, ban musa darajar Shehu ba, mu ma nan muna karanta littattafansa a zaure. Abin da na ce, mutanen da suka yi ƙaura ba su ɓace ba, suna da jikoki, kuma jikokin Musulmi ne masu salla kamar kowa. In ba a faɗi labarinsu a aji da adalci ba, waɗancan na intanet ɗin da kake tsoro su za su faɗe shi da ƙiyayya.

Baba Mai Ritaya:
Ku biyun duka kuna da gaskiya, kuma maganin tsoron Malam yana cikin tarihin kansa. A rundunar Shehu akwai Hausawa da yawa, Abdussalami Bagimbane na cikin manyan almajiransa, Zamfarawa sun taimaka a farko, Yaƙubun Bauchi da aka ba tuta ba Bafulatani ba ne. A ɗaya gefen kuma akwai Fulanin da ba su bi ba. Sannan Abdullahin Gwandu da kansa ya yi kuka da yadda wasu mabiya suka karkata ga dukiya da mulki tun ana cikin yaƙin. Wanda ya san wannan ba mai ruɗarsa da zancen ƙabila. Ni da za a bi tawa ma, da Nana Asma'u za a fara wa yara mata, da jajis ɗinta da 'Yan Taru da ke bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Uban da ke cewa karatun 'ya mace baƙon abu ne, a nuna masa 'yar Shehu da ta rasu a 1864.

Maƙwabcinku na Kafanchan:
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban cika magana ba, yau dai zan ce wani abu. Ni Kirista ne daga kudancin Kaduna, Hausa kuma da ita na tashi, da ita muke wa'azi a coci. Labarin da tsohuwar nan ta ba yaron, mu ta ɗaya bakin muke jin sa. Kakanninmu suna nuna mana duwatsun da ake hawa a ɓuya in mahara sun zo, suna kiran sunayen waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba. Da na karanta saƙon Malama sai na ce a raina, wa ya sani ko yaron nan jininmu ne.

A makaranta ba a taɓa ce mana komai a kan wannan ba, ba a kuma gaya mana ɗaya gefen ba: cinikin da aka yi shekaru aru-aru, fataken da ke sauka a Zangon Kataf, amanar da ke tsakanin gidaje, Fulanin da kakanninmu suka ba wurin kiwo ana musayar nono da hatsi. Da rikicin 1992 ya tashi a kan mayar da kasuwa wani wuri, kowane ɓangare ya zaro tarihinsa kamar wuƙa, domin a gida aka wasa ta, ba malamin da ya taɓa haɗa yaran biyu a aji ɗaya ya ce ga abin da ya faru, mai daɗi da mara daɗi. Malama, kada ki daina. Ki dai kiyaye mutuncin yaro.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, na goge saƙo biyu da suka fara kiran sunan ƙabila da zagi. Duk mai magana ya yi ta da ladabi kamar yadda waɗanda suka gabata suka yi.

Malamin Lissafi:
Ni bari in dawo da mu ƙasa. Duk abin da ake faɗa yana da kyau, amma minti 40 ne darasin, sau biyu a mako in an yi sa'a, yara 80 zuwa 100, wasu a ƙasa suke zaune. Mai duba malamai in ya zo, abin da zai tambaya shi ne ina kika kai a manhaja, ba zai tambayi abin da yara suka fahimta ba. Jarrabawa kuma "wa ya gina", "a wace shekara". Malami zai koyar da abin da za a tambaya ne. Makarantarmu ba ta fi tafiyar minti 20 a ƙafa zuwa Gidan Makama, gidan kayan tarihi na Kano, ba, amma shekara 6 ina nan ba a taɓa kai yara ba, kullum babu kuɗin mota, babu mai ɗaukar alhakin tsallakar da su titi. Ganuwar da ake sa su haddace wanda ya fara ta, a gabansu ake haƙar ƙasarta ana yin bulo, ana gina shaguna a kai.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam, ai ba sai da mota ba. Ni a Kwari nake kasuwa. Ka turo mini yara 10 ranar Asabar in zaunar da su in gaya musu yadda kakata ke kaɗi da mazari, a kai zare wurin masaƙa, a kai Ƙofar Mata ko Kura a rina, a buga a mabuga, Buzaye su saya su kai har Agadas. In gaya musu masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa da muka tashi muka gani suna aiki dare da rana, da yadda suka rufe ɗaya bayan ɗaya har muka koma sayar da kayan Sin. Yaron da babansa ke zaune a gida ba aiki tun da kamfani ya rufe, wannan ai tarihin tukunyar gidansu ne.

Ɗan Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Yaron da ya ce kakansa na zuwa Gwanja sayen goro, ku gaya masa 'yan'uwansa suna nan. Kakanninmu ta Salaga suka zo, wasu bayan yaƙin Salaga na 1892 suka watsu zuwa Kumasi da Kete Krachi da Ankara, babban birnin Gana. A makarantun nan yaranmu suna koyon Osei Tutu da Yaa Asantewaa da Nkrumah, kuma ya kamata su koya, ƙasarsu ce. Amma in aka ce musu baƙi, ba su da amsa, alhali gidansu ya haura shekara 100 a nan. Tsofaffinmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su fita, kamar yadda 'yan Gana ba su manta korar da Najeriya ta yi musu a 1983 ba. Mu a makarantar Islamiyyar unguwarmu mun fara kiran tsofaffi ranar Lahadi su ba yara labari, ana ɗauka a waya. Uku daga cikin waɗanda muka ɗauka sun riga sun rasu.

Bazazzagiya:
Ni tambaya ce da ni ga Baba. Wasan da ke tsakanin Kanawa da mu Zazzagawa, da na Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa, da Katsinawa da Nufawa, ai a ciki har "bawana" ake ce wa juna a yi dariya a wuce. Me ya sa wannan bai zama zagi ba, na ajin Malama ya zama?

Baba Mai Ritaya:
'Yata, saboda a wasan taubasai kowa yana da bakin ramawa, kuma kowa ya san dokar: ba fushi, ba zubar da jini, in ɗaya ya shiga uku ɗayan ne mai ceto. Magabata sun ɗauki tsohuwar gaba ko tsohon zumunci suka mayar da shi abin da ke sa baƙo ya samu masauki. A Nijar sun riƙe abin da muhimmanci har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2014. Yaron ajin Malama kuwa shi kaɗai ne, ba shi da wanda zai rama wa. Wannan ma darasi guda ne da za a yi wa yara, su kawo abokan wasan gidansu, a bi dalilin kowane.

Baban 'Yan Biyu:
Na karanta duka, kuma na ƙaru, musamman da bayanin Baba a kan murgu da bayin sarki, ban san shi haka ba. Amma ban sauka daga matsayina a kan abu ɗaya ba. A koyar da bauta a matsayin abin da ya faru da al'umma, na yarda, 'ya'yana ma ina so su sani. A tambayi yaro sana'ar gidansu da abin da kakarsa ta gani, na yarda. Amma "daga ina kakanninku suka zo", a cire ta, ko a ce wanda ya ga dama. Mu manya ba mu gyaru ba tukuna, kada a sa yaro ɗan shekara 12 ya biya bashinmu.

Malamar Tarihi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta har sau biyu.

Jiya da yamma na je gidan yaron tare da maigidana da wata babbar malama da ta san mahaifiyarsa. Na ba mahaifin haƙuri, ban kawo wani uzuri ba, don hakkin ɗansa na taɓa. Ya sauko sosai. Abin da ya ce mini shi ne shi kansa bai taɓa jin labarin ba sai a bakin ɗansa, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Tsohuwar ma ta fito, ƙanwar kakansa ce, ta haura 90. Ta ce ita ba ta ga abin ɓoyo ba, mutumin nan ya fanshi kansa da hannunsa, ya yi saukar Alƙur'ani yana da furfura, gidan da suke ciki ma shi ya gina. Ta ce rabin labarin ke nan da yaron bai kai ga rubutawa ba saboda takardarsa ta cika. Yaron zai dawo ranar Litinin in sha Allahu.

Na karɓi shawarar Baban 'Yan Biyu, tambayar asali ta zama ganin dama, kuma ba wanda zai ƙara karanta nasa a aji sai na gani na kuma tambayi gida. Shugaban makaranta ya yarda in yi darasi biyu a kan bauta da sana'o'in gado kafin mu ci gaba, da sharaɗin in nuna masa abin da zan faɗa a rubuce. Baba, don Allah ko za ka taimaka ka duba mini in na rubuta? Hajiya, maganar Asabar ɗin nan da gaske nake ɗaukarta, zan nemi izinin iyaye.

Baba Mai Ritaya:
Turo mini ta akwatin sirri kafin Juma'a, zan duba. Ki fara da ayar Hujurati ta 13 da labarin Sayyidina Bilal, yaran sun san su daga Islamiyya, daga nan ki gangaro Kano. Kuma ranar da za ki yi darasin kada ki kalli inda yaron yake zaune.

Hajiya Mai Atamfa:
Asabar ta sama ta fi mini, wannan ina da biki. Su zo da safe kafin kasuwa ta cika, kada su wuce 10. Zan sa a nemo mini mazari da abawa a wurin wata tsohuwa a unguwarmu su gani da idonsu.